Shin Ko Kun San? Daga Gindin Zuma Zuwa Gaɓar Mekong

Abuja birni ne sabo, amma ƙasar da yake zaune a kai tsohuwa ce, kuma tana da al'adunta na bauta tun kafin a zuba kwalta ta farko. Shafinmu na wannan mako ya tattaro su, ya haɗa da na ƙasar Hausa, sannan ya gwama su da na al'ummar Tai ta kudu maso gabashin Asiya, mutanen da yawancinmu ba mu san su ba sai ta buhun shinkafa. Tarihi muke bayarwa, ba fatawa ba. Duk inda kuka ga an ce iska ta yi kaza, a faɗar masu abin ne.

Su wa ake nufi da Tai?

Shin ko kun san Tai ba ƙasa ɗaya ba ce, dangi ne na ƙabilu masu harsuna 'yan uwan juna? A cikinsu akwai mutanen Tailan da na Lawos, da Shan na Miyanma, da Dai na lardin Yunan a ƙasar Sin, da Tay da Nung da Baƙaƙen Tai na arewacin Biyetnam, har da Ahom na jihar Assam a Indiya. Zhuang kaɗai, waɗanda yawancinsu ke yankin Guangxi, sun haura miliyan 19 a ƙidayar 2020, su ne ƙabila mafi yawa a Sin in aka cire Han.

Shin ko kun san fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya Buda ne, amma hakan bai raba su da iskokin da suke kira phi ba? Addinin Buda ya zo ya tarar da su, suka zauna tare. Akwai phi na gida, na ƙauye, na birni, na daji, na kogi, da na gonar shinkafa.

Shin ko kun san a ƙidayar Lawos ta 2015 kusan kashi 65 cikin 100 ne aka rubuta mabiya Buda, kusan kashi 31 kuma aka sa su a layin marasa addini? Akasarin waɗannan masu bautar iskoki da kakanni ne, cikinsu har da ƙabilun kan tudu da Baƙaƙen Tai.

Shin ko kun san ita ma Abuja tana da 'yan asalinta ƙabila tara? Su ne Gbagyi da Gbari da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa da Egbura da Amwamwa. Addinin gargajiyar Gbagyi ana kiransa Knunu, Mahalicci kuma Shekwoyi. Gwandara kuwa, waɗanda harshensu ya fi kowane kusa da Hausa, labarin bakinsu na cewa kakanninsu daga Kano suka taso saboda ba su yarda su bar bautar gargajiya ba. Karshi na cikin tsofaffin garuruwansu.

Duwatsu masu masu gida

Shin ko kun san Dutsen Zuma, wanda ke bayan takardar naira 100 da aka fitar a Disambar 1999, ba cikin Babban Birnin Tarayya yake ba? A jihar Neja yake, kusa da Madalla, a kan hanyar Kaduna, kuma ya tashi kusan mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. Wanda ya tsaya daga bakin titi ya ɗaga kai zai ga wasu ramuka da zane a jikinsa masu kama da idanu da hanci da baki. Da damina ruwa kan gangaro ta fuskar, ya bar baƙaƙen layuka.

Shin ko kun san sarakunan tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, suna girmama masu tsaron wannan dutse? Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, ya baro Zariya a farkon ƙarni na 19 lokacin jihadi, ya sauka Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa Abuja a 1828. Tarihin masarautar da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1952, ya kawo labarin wani ƙauyen Koro a cikin kurmin gindin Zuma, wanda baƙo ba ya shiga, kuma sarki kan aika musu baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare duk shekara.

Shin ko kun san kusan irin wannan jerin ne a Tarihin Kano? Barbushe, mai tsafin Tsumburbura, a kan Dutsen Dala yake zaune, sau biyu yake saukowa a shekara. Mutane kan zo masa da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsura, shi kaɗai yake shiga katangar da ta kewaye itaciyar tsafin.

Shin ko kun san rubutu mafi tsufa da ake dangantawa da harshen Tailan shi ma ya yi maganar iskan dutse? Rubutun Sarki Ramkhamhaeng ne na Sukhothai, wanda aka sassaƙa a jikin dutse ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1292. Ya ambaci Phra Khaphung, iskan wani tsauni a kudu da birnin, wanda ya fi duk iskokin ƙasar, kuma ya ɗora zaman lafiyar mulki a kan girmama shi.

Shin ko kun san har yau a Chiang Mai, birnin da Sarki Mangrai ya kafa a 1296, ana yanka ɓauna duk shekara a gindin tsaunin Doi Kham? Ana yi wa Pu Sae da Ya Sae ne, wasu dodanni mata da miji da aka ce a da mutane suke ci, har Buda ya hana su, suka roƙi a bar musu ɓauna.

Kurwa a nan, khwan a can

Shin ko kun san mutanen Lawos da arewa maso gabashin Tailan sun yi imani jikin mutum na da khwan 32? Kowace na tsare da wata gaɓa. Firgita ko ciwo ko doguwar tafiya na iya sa wata ta fice ta ɓata, mutum ya dinga rama yana kasala. Bahaushen da ya san maganar kurwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shin ko kun san akwai biki na musamman don kiran khwan ta dawo gida? Sunansa baci ko su khwan. Mata kan naɗe ganyen ayaba su yi masa tsini, su kafa a tsakiyar faranti, su yi masa ado da furanni, su jera dafaffen ƙwai da shinkafa da ayaba da kaza a gefe. A jikin tsinken ake rataye gajerun fararen zarurrukan auduga. Kowa ya zauna a tabarma ya kewaye farantin. Wani dattijo, sau da yawa wanda ya taɓa zaman ibada a haikalin Buda, ya yi ta kiran kurwar da lallashi, ta baro daji, ta baro bakin kogi. Daga nan sai kowa ya zari zare, ya shafa a bayan hannun mai bikin, ya ɗaura masa a wuyan hannu yana sa masa albarka. Wanda ke da jama'a sai ka ga hannunsa fari fat har kusa da gwiwa. Ba a cire zaren sai ya kwana uku aƙalla, kuma an fi son a kwance shi ko ya faɗi da kansa, ba a yanke ba. Ana yi wa amarya da ango, da mai jego, da wanda ya tashi daga ciwo, da matafiyi, da babban baƙo.

Shin ko kun san ba mutum kaɗai ke da khwan ba? Bayan an gama aikin gona akan yi wa ɓaunar huɗa nata bikin, a ba ta haƙuri kan duka da tsawar da ta sha.

Shin ko kun san a Tailan shafa kan mutum rashin ladabi ne babba, ko da yaro ne, saboda a can ne mazaunin khwan mafi daraja? Ku dubi matan Gbagyi a hanyar Bwari ko Kuje: a kafaɗa suke ɗora itace da doya, ba a ka ba. A al'adarsu kai sarkin jiki ne, shi ke tunani, bai kamata a ɗora masa kaya ba.

Shin ko kun san su ma suna da abin da ya yi daidai da maita? Suna kiransa phi pop, iska ce da aka ce tana zaune a jikin wani, tana fita ta cinye kayan cikin mutane. Wanda aka zarga akan kore shi daga ƙauye. A ƙasar Hausa maye ake cewa ya kama kurwa, a tilasta masa tsallake mara lafiya. Can da nan, tsofaffi da marasa gata ne zargin ya fi faɗa wa, kuma dokar laifuka ta Najeriya ta haramta jifan mutum da maita.

Shin ko kun san dabarar ɓoye jariri daga iskoki iri ɗaya ce? A Tailan akan laƙaba wa yaro suna irin su Alade ko Kwaɗo, tsofaffi kuma su ce jaririn mummuna ne, don kada iska ta yi sha'awarsa. Mai wabi a ƙasar Hausa takan sa wa nata Ajuji ko Ayashe ko Abarshi.

Doki da mahayinsa

Shin ko kun san a arewacin Tailan wanda iska ke hawa ana ce masa ma khi, wato dokin hawa? Haka 'yan bori ke cewa doki ga namiji, goɗiya ga mace. A Chiang Mai da Lampang dangi kan kafa rumfa su yi rawar iskokin kakanni, kuma ta wajen uwa ake gadon waɗannan iskoki.

Shin ko kun san a faɗar 'yan bori iskoki na da birninsu, Jangare, da sarkinsu, Sarkin Aljan Sulemanu? Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya lissafa gidaje 12 a birnin. Kowane iska da kiɗansa da kirarinsa da suturarsa da cutar da yake sawa, kuma shi ke warkar da ita bayan an yi girka.

Shin ko kun san ɗan kallo da ya saba yana gane iskan da ya hau tun kafin a faɗa masa? Mai garaya na kaɗawa, masu buta na girgizawa, sai jikin doki ya ɗau rawa, ido ya juye. In ya duƙa yana tari yana jan carbi, Malam Alhaji ne. In ya nemi babbar riga da turare yana rabon kuɗi, Ɗan Galadima ne. In ya dunƙule yatsu yana korar ƙuda da dungu, Kuturu ne. In ya yi tsalle sama ya dire da mazaunai a ƙasa, to Sarkin Rafi ya iso. Atishawa ce alamar mahayi ya sauka.

Shin ko kun san bori ya ƙetare Sahara? A. J. N. Tremearne ya same shi a wajen Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga littafi a kai a 1914. Har yau kiɗan stambali na Tunisiya na ɗauke da kalmomin Hausa. A Tsibirin Gobir kuwa, a jihar Maraɗi, Inna ce shugabar 'yan bori, sarauta ce ta gidan sarki.

Shin ko kun san masu bautar Then, wato iskokin sama, a arewacin Biyetnam da molon duma suke aiki? Mai yin sa kan zauna yana kaɗawa yana rera labarin tafiyarsa zuwa sama, zango bayan zango, don kai kukan mai gida. UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2019.

Gida da gari

Shin ko kun san da wuya ka ga gida ko otal ko banki a Bankok ba tare da ɗan ƙaramin ɗakin iska a harabarsa ba? Girmansa bai wuce akurkin kaji ba, a kan ginshiƙi yake, an yi masa fenti da rufi mai tsini. Dalilinsa shi ne ginin ya tashi mai wurin na asali, dole a sama masa masauki. Ba a kafa shi inda inuwar babban gida za ta rufe shi. Kowace safiya ana ajiye masa turaren tsinke da furanni da shinkafa, da jar Fanta a buɗe da tsinken zuƙa a ciki. Wanda buƙatarsa ta biya kan kawo 'yan gumakan giwa ko jakin dawa. In ɗakin ya tsufa ba a jefa shi a shara, sai a kai gindin wata babbar itaciya a ajiye.

Shin ko kun san shahararren wurin bauta na Erawan da ke tsakiyar Bankok daga matsalar gini ya samo asali? An kafa shi a 1956, bayan haɗurra da tsaiko sun dabaibaye aikin wani otal na gwamnati, masu duba suka ce an sa harsashin a ranar da ba ta dace ba.

Shin ko kun san kafin a gina fadar Bankok turke aka fara kafawa? Sarki Rama na Ɗaya ya kafa turken birni, lak mueang, ranar 21 ga Afrilu 1782, kuma har yau ana kai masa ziyara. Magabatan Hausawa su ma ba sa zama sabon wuri sai an binne kafin gari, haka ma kafin gida da na gona.

Shin ko kun san tsoron iskoki ya ceci itatuwa da yawa? A ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan akwai kurmin kakanni da ba a sa masa gatari. Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu malaman Buda suka fara ɗaura wa manyan itatuwa mayafinsu mai ruwan lemo, don masu saran katako su ji nauyin taɓa su. A ƙasar Hausa kuwa tsamiya da kuka da aka ce suna da mutanen ɓoye sukan daɗe a tsaye bayan an share na kewaye da su.

Gona da ruwan sama

Shin ko kun san shinkafar Tailan da ta cika kasuwannin Wuse da Utako kafin Babban Banki ya hana ta canjin gwamnati a 2015, aka kuma rufe iyakoki a Agustan 2019, a can gida uwa ake ɗaukarta? Sunanta Mae Phosop. Idan shinkafa ta fara ɗaukar ciki a gona, mata kan kai mata 'ya'yan itace masu tsami irin na kwaɗayin mai juna biyu, da hoda da mataji da madubi. Yaro ya zubar da shinkafa, sai a ce ya ɓata wa uwar rai. Manoman Maguzawa su ma suna da Uwar Gona.

Shin ko kun san a watan Mayu shanu ne ke hasashen damina a filin Sanam Luang na Bankok? Bayan huɗar sarauta, wadda aka farfaɗo da ita a 1960, akan jera musu abu bakwai: shinkafa, masara, wake, riɗi, ciyawa, ruwa da giya. Abin da suka ci shi masu duba ke fassarawa. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni, Azna kan taru su yi arwa don jin yadda shekara za ta kasance, haka kuma ake buɗin daji a wurare da dama na Nijar.

Shin ko kun san a Yasothon rokoki ake harbawa sama don tuna wa Phaya Thaen, mai ruwan sama, alkawarinsa? Tatsuniyarsu ta ce ya taɓa hana ruwa, sai Sarkin Kwaɗi ya ja rundunar gara da kunamu da macizai ya ci shi da yaƙi. A da da gora ake yin rokokin, yanzu da bututun roba, wasu na cin albarushi sama da kilo 100. Wanda tasa ta ƙi tashi, a taɓo ake jefa shi.

Shin ko kun san in fari ya yi tsanani wasu ƙauyukan kan saka kyanwa a kwando su zaga da ita gida gida ana watsa mata ruwa? Kukanta ne, wai, ke jawo hadari. Saboda ƙorafin masu kare dabbobi, wasu sun koma zagawa da 'yar tsanar kyanwa.

Shin ko kun san Zhuang na gaɓar kogin Hongshui suna yi wa kwaɗo jana'iza a farkon shekararsu? Sun ɗauke shi ɗan aiken mai tsawa, shi ya sa siffarsa ke kan tsofaffin gangunansu na tagulla.

Shin ko kun san mazauna gaɓar Mekong sun yarda akwai wani babban maciji mai mulkin kogin, Phaya Nak? A watan Oktoba dubban mutane kan taru a lardin Nong Khai don kallon wasu jajayen ƙwallayen haske da ake cewa shi ke hurowa daga ruwa. A Argungu ma ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin.

Sarakuna da tsafi

Shin ko kun san sauyin addini a Kano da Lawos kusan zamani ɗaya ya faro? Wangarawa sun iso Kano zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Fa Ngum ya kafa daular Lan Xang a 1353, kuma shi ake dangantawa da ɗaukaka addinin Buda a can.

Shin ko kun san Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya sare itaciyar tsafin Kano aka yi masallaci a wurin, bisa shawarar Shehu Magili? Ba a jima ba, a 1527, Sarki Photisarath na Lan Xang ya haramta bautar phi, ya rushe ɗakunansu, ya gina haikalin Buda a kan wani babba a Luang Prabang.

Shin ko kun san duka biyun tsohuwar al'ada ba ta tafi nan take ba? A Kano an ci gaba da yi wa tsafin Dirki yankan shanu har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. A Luang Prabang kuwa, har yau a bikin sabuwar shekara na watan Afrilu ana fito da dodanni biyu masu jajayen fuskoki da dogon gashi, Pu Nyoe da Nya Nyoe. Su ne tsoho da tsohuwar da aka ce sun sare wata katuwar kurangar da ta rufe rana, suka mutu a wajen aikin.

Shin ko kun san a tatsuniyar Lawos daga cikin duma mutane suka fito? An huda shi da jan ƙarfe, wasu suka fito ta nan, aka sake hudawa da kurfi, sauran suka biyo. Wurin da abin ya faru, Muang Thaen, shi ne Dien Bien Phu na yau, inda Faransa ta sha kashi a 1954.

Shin ko kun san Ahom sun mulki Assam kusan shekara 600, daga zuwan Sukaphaa a 1228 har 1826? Sun koma addinin Hindu, harshensu ya bar bakin jama'a, amma duk 31 ga Janairu suna bikin Me-Dam-Me-Phi na tunawa da kakanni. Tuddan kaburburan sarakunansu da ke Charaideo sun shiga jerin UNESCO a Yulin 2024.

Camfi a gurguje

Fito da dare? A Tailan kiran fatalwa ne, a nan kiran aljanu.

Dokin ƙofa? Can ba a taka shi, nan ba a zama a kansa.

Husufin wata? Can wani dodo mai suna Rahu ne ya haɗiye shi, a Lawos kuma kwaɗo, sai a yi ta bugun tukwane. Nan yara kan fito da gwangwani suna kiɗa don rana ta saki wata. Masu neman sassauci daga Rahu baƙaƙen abinci kala takwas suke kai masa.

Laraba? Can ba a aski a ranar, har wasu shagunan kan rufe. Nan akwai masu tsoron Larabgana, Larabar ƙarshe ta watan Safar.

Laya da guru da kambu? Nasu takrut ne, ɗan fallen ƙarfe da ake yi wa rubutu a naɗe a rataya. Maganin ƙarfe kuwa, wanda 'yan tauri ke sha, su a fata ake zana musu shi da allura, kuma duk watan Maris masu zanen kan taru a haikalin Wat Bang Phra don sabunta ƙarfinsa.

Zamani bai kore su ba

Shin ko kun san a farkon 2016 kamfanin jirgin sama na Thai Smile ya amince a sayi kujera don 'yar tsana? Yayin luk thep ake yi a lokacin, 'yan tsanan da masu su suka yarda akwai ruhin yaro a ciki, suna ciyar da su suna yi musu sutura.

Shin ko kun san lokacin da yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang, daga 23 ga Yuni zuwa 10 ga Yulin 2018, aiki biyu aka yi ta yi a bakin kogon? Masu ninƙaya daga ƙasashe daban daban na shiga da tukwanen iska, iyaye da mutanen gari kuma na ajiye furanni da abinci ga Nang Non, gimbiyar da suka ce tsaunin jikinta ne, suna roƙon ta saki yaran.

Shin ko kun san garin Dan Sai ya mai da dodanninsa abin jawo baƙi? A bikin Phi Ta Khon samari kan sa fuskokin da aka yi da kwandon turara shinkafa da ɓawon reshen kwakwa, kuma mai hawan iskan garin ne ke tsayar da ranar.

Namu fa?

Shin ko kun san Najeriya na da nata a jerin UNESCO? Akwai Sukur tun 1999, da kurmin Osun na Osogbo tun 2005, da bikin kamun kifin Argungu tun 2016, da hawan sallar Kano tun 2024.

Shin ko kun san Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, wadda gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita, ta shafi ɗaruruwan ƙauyuka? Kafin gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991, an tashi mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a jihar Neja, wasu ƙauyukan kuma aka kai su Kubwa. Mai ƙaura yana ɗaukar tukunya da iri da akuya, amma kabarin kaka da dutse da kurmi ba sa shiga mota. Da yawansu yau suna ƙarƙashin unguwanni da tituna.

Tsofaffin da suka san wane dutse ne na wa, wace rana ake shiga wane kurmi, da abin da ake faɗa kafin a ci sabuwar doya, suna nan a Zuba da Karshi da Ushafa da Kuje da Kwali, amma kullum raguwa suke yi. Yawancin jikokinsu Musulmi ne ko Kirista, kuma ba wanda ya ce su koma. Sanin abu daban, bauta masa daban: malaman da suka rubuta Tarihin Kano da na Abuja Musulmi ne, kuma ba don su ba da ba mu san Barbushe ko ƙauyen gindin Zuma ba. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Abuja da ke riƙe da waya mai ɗaukar murya, kuɗin mota zuwa Zuba kawai yake buƙata ya ɗora daga inda suka tsaya.